Tarun Baba Maliki

Na leƙa ta kan katanga zan karɓo rariyata, sai na hangi Baba Maliki tsugune a bayan rumbu da reza a hannu, yana yanka tarunsa na kamun kifi.

"Baba, lahiyarka kuwa? Shekaranjiya anka gama ɗunke shi."

Ya yi wuf ya tura rezar aljihu. "Dudu, ki ji da bandar kihinki. Giwan ruwa ya ɓarka shi."

"Giwan ruwa bayan rumbu?"

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Tarin nan ya kai wata uku yana cinsa, kowa a unguwarmu ta Yelwa ya san jikin ya ja baya.

Tun da 'yan bindiga suka fara koro mutane daga ƙauyuka, Baba ke tara mazan da suka tsiro kowace Laraba a gindin mangwaron ƙofar gidansa, wai su taya shi ɗinkin taru. Na daɗe ina yi masa tsiya, tarun da rabonsa da ruwa an manta amma kullum a yage. Ranar dai ya faɗa mini gaskiya.

"Namiji in kin zaunar da shi kin ce hwaɗi abin da ke cin ranka, lahiya lau za shi ce. Amma ba shi allura da zare. Ido na ƙasa, hannu na aiki, kahin la'asar ya amayar da komi."

Haka kuwa ake yi. Na sha jiyo su daga madafata, wani ya yi kuka, a bar shi ya gama, can kuma ka ji an kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne ya gagara, Jalaluddeen, magidanci daga wani ƙauye ta wajen Shanga. A gabansa aka harbe ƙannensa biyu. Wata bakwai ke nan ko matarsa ba ta ji muryarsa ba. Zai zo, ya yi ɗinkin da ya fi na kowa kyau, ya tashi ya tafi.

"In na tahi ban ji muryar bawan Allahn ga ba," in ji Baba, "aikina bai ida ba."

Bayan mako biyu ciwo ya kwantar da shi. Ran Laraba da safe ya aika aka kira ni, ya nuna mini tarun da haɓa.

"Hannuna ya ƙi. Ke za ki yanka."

Ni da na shekara talatin ina feɗe kifi, me zan yi da reza? Na ɗauko wuƙata na ja masa layi ɗaya, santal, har ina jin daɗin aikina.

Da hantsi aka fito da Baba a kan tabarma, aka jingina shi da mangwaron. Na fake da kawo kunu na tsaya. Jalaluddeen ya ɗaga tarun, ya bi yankan da yatsa tun daga farko har ƙarshe. Sai muka ji wata murya a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Wanga ba yankan Baba ba ne."

Kowa ya tsaya cak. Na ce shi ke nan na ɓata wa tsoho aikin shekaru.

"Baba a karkace shi kan yanka, don a ce kihi ne," Jalaluddeen ya ci gaba. "Wanga wuƙar mai banda ce."

Duk suka juyo suna kallona, da ludayi a hannuna. Wurin ya kece da dariya. Baba na dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe ka sani?"

"Tun Larabar hwarko. Duk mun sani."

"To mi ya sa kuke zuwa?"

Jalaluddeen ya zura zare a allura. "Kai ma ai kana buƙatar 'yan hira, Baba."

Daga nan ya sunkuyar da kai, yana ɗinki yana magana. Ya ambaci sunayen ƙannensa, ya faɗi yadda ƙaramin ke tsoron kwalekwale, da yadda babban ke cin tuwo kamar gobe ba za a dafa ba. Har aka kira azahar bai tsaya ba. Ban taɓa jin daɗin asirina ya tonu irin na ranar ba.

Ran Juma'a da safe Allah ya karɓi abinsa, Baba ya cika cikin sauƙi, bayan ya sha rabin kofin kunu. Baba bai bar ɗa namiji ba, sai aka rasa wanda zai zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Jalaluddeen ya cire takalmi ya hau tabarmar. Masunta suka zo daga Warra, 'yan Laraba suka zo da iyalansu, kowa ya ce masa ya haƙuri, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi.

Kafin la'asar muryarsa ta dushe. Na dafa masa ruwan citta na aika. Ta kan katanga na ga ya riƙe kofin da hannu biyu yana hurawa, ga wani ayarin yana tahowa daga bakin ruwa.