Taurari Masu Gaisuwa da Motar Asibiti

Wani mafarki ne ya ɗauke ni jiya da dare, ya sauke ni a wani gari mai kama da namu, sai dai a can hanyoyi ne ke tafiya, mutane na tsaye.

Yaya Ladidi na kan gwiwa tun safe. Ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, sai asibiti. Motar asibitin garin ɗaya ce, kuma ba wanda ya san inda take. Na kira direbanta, Malam Tanimu.

"Kana ina?"

"Ga ni nan tafe."

A bayan muryarsa ina jin ana cinikin albasa.

Sai ga ni a ofishin kwamitin lafiya. Shugaban kwamitin ƙadangare ne, ya kafa hula. Na ce, "Ranka ya daɗe, mace na neman mutuwa, mota ta ɓata." Ya gyaɗa kai. Na maimaita, ya sake gyaɗawa.

"Za mu zauna a kai," ya ce.

"Ai a zaune kuke."

"To, ka ga an fara."

Nan na tuna na liƙa wata na'ura a ƙarƙashin kujerar direba, ba ta fi akwatin ashana ba. Babu siddabaru a aikinta. Kowane tauraron ɗan adam yana aiko mata da saƙo ɗauke da lokacin da ya aiko shi. Ita kuma ta duba jinkirin isowarsa, ta san nisan da ke tsakaninsu. In ta ji daga huɗu, ta gane inda take, sai ta turo wa wayata. Da ita ake gano babur ɗin da aka sace da saniyar da ta bar garke.

Na duba waya. Motar na tsakiyar teku.

Na jingina tsani da gajimare, na hau. Taurarin huɗu ne, dattawa, suna kan tabarma suna shan shayi. Na tarar da babbansu yana aika wa na'urar saƙo.

"Salamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Ya muka ji da zafi? Madalla. Ya ƙarin haƙuri?"

Daga ƙasa na'urar na amsawa, "Lafiya lau, Baba." Kafin a kai ga batun lokaci, shayin ya huce. Duk wannan jinkiri na'urar nisa take ɗaukar sa, shi ya sa ta jefa motar teku.

Na ce, "Baba, don Allah lokacin kawai za ku faɗa."

"Kai ɗan wane ne? A faɗa wa mutum magana babu gaisuwa?"

"Ku adana ta. In aka sauka lafiya, ranar suna ku yi ta har da tuwo."

Suka dubi juna. Ɗaya ya tambaya ko akwai rago. Na ce akwai. Uku suka faɗi lokaci a taƙaice, ba kwana-kwana. Na huɗun na gyangyaɗi. Na taɓa ƙafarsa.

"Baba, ƙarfe nawa?"

"Bayan la'asar."

"Bayan la'asar ba lokaci ba ne."

"Da shi muka aurar da 'ya'yanmu."

Na zauna gabansa, na ɗauke butar shayin na rungume. Na ce ba zan sauka ba, shi ma ba zai ƙara kurɓa ba, sai ya duba agogonsa. Ya harare ni, ya laluba aljihu, ya faɗa.

Ɗigon da ke nuna motar a wayata ya tashi daga teku, ya tsallake hamada, ya dira a bayan katangar gidanmu.

Ga motar kuwa, maƙare da buhunan albasa, Malam Tanimu na kwance a kansu.

"Ban ce maka ga ni nan ba?"

Na riƙa wurgo buhunan waje, albasar na faɗawa sama. Muka kwantar da Yaya Ladidi, ta damƙe hannuna. Malam Tanimu ya murza makulli, injin ya ɗau ruri, ya ƙi dainawa.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabta ne. Na'urar na kan tebur cikin kwalinta, tana jiran zaman kwamiti kafin a liƙa ta a motar asibiti, ga watan haihuwar Yaya Ladidi ya kama. Na ɗauke ta, na ɗauki filaya, na fita ko ido ban wanke ba.