Abin da Makirfo Ya Fara Ji

Wajen ƙarfe tara na safe ne, ruwan da aka tashi da shi ya ɗauke, rana ta leƙo amma ba ta da zafi. Na saɓa jitata na nufi shagon mai gyaran rediyo, ina tsallake ruwan da ya kwanta a hanya.

Jitar ni na haɗa ta da hannuna. Akwatin sigari ne na katako da na tsinta a tarkacen wani gida da muka je sa ƙofofi, don ni kafinta ne. Na yi mata wuya da ƙafar tsohon tebur, tsirkiya uku kuma da wayar birkin keke. Sautinta da daɗi, sai dai muryarta ƙarama ce. Kaka kuwa kunnenta ya yi nauyi. Wata biyu ina kaɗa mata waƙar da take yi mana muna yara, sai ta dube ni ta ce, "Kai, ba ka gajiya da susar akwatin nan?" Ga shi a ranar nan, da ƙarfe biyu, Kawu zai zo ya tafi da ita gidansa, can nesa, kuma zama za ta yi. Ni dai so nake ta ji ko sau ɗaya.

Mai gyaran, Injiniya muke ce masa, ya saurare ni yana hura ƙura daga cikin wata tsohuwar rakoda. Ya sa tsinke ya zaƙulo wani abu kamar ƙwayar wake, da wayoyi biyu.

"Ga maganinka. Makirfo ne, irin wanda ake kira kwandansa."

"Wannan ɗan mitsitsin?"

"Raina shi ka gani. Sai da batir yake aiki, amma in ya samu, ko tafiyar tururuwa ba ta wuce shi. Ba ya zaɓe, komai ya ji sai ya faɗa."

Ya liƙa masa batir da doguwar waya, ya ara mini lasifikar da yake gwaji da ita. Ina fita ya ɗaga murya, "Ka rataye shi da roba a tsakiyar akwatin, ya riƙa reto. Kar ya taɓa katako!"

Na ce to. Amma da na isa gida na buɗe akwatin, sai zuciyata ta ƙi. Mu a sana'armu abin da yake reto aikin banza ne, da tsawa aka koya mini hakan. Na ɗauko gam na manne shi daram a katakon baya, na danna da babban yatsa har ya kama. Na ji daɗin aikina.

Muka zaunar da Kaka a tsakar gida, jakunkunanta a ɗaure gefe guda. Inna ta bar wanke-wanke, Yaya ta fito da tsintsiya a hannu. Na ajiye lasifika a gaban Kaka, na murɗa ta har ƙarshe, na rungume jitar a cikina kamar kullum.

Tun safe ban sa komai a bakina ba. Kafin in taɓa tsirkiya, cikina ya yi wani dogon ƙugi, makirfon nan da ke manne a katakon da ke jikin cikina ya kwashe shi duka ya miƙa wa lasifika. Har kwanonin Inna sai da suka amsa.

Kaka ta zabura ta dubi sama. "Hadari ya dawo! Ku kwashe shanya!"

Yaya ta yar da tsintsiya ta durƙushe tana riƙe da ciki. "Kaka, ba hadari ba ne, jikanki ne! Waƙar farko ke nan!"

"Me?"

"Cikinsa ne!" Inna ta faɗa mata a kunne, hawaye na zubo mata don dariya.

Kaka ta ƙare mini kallo. "Shekara uku ban ji tsawa ba, ashe tana cikin gidan nan. Ku ba shi abinci kafin ya rushe mana katanga."

Kunya ta kama ni, amma murna ta fi ta yawa, domin Kaka ta ji. Na ci abin da aka miƙo mini a tsaye. Na sa wuƙa na ɓamɓare makirfon a hankali, Yaya ta ciro robar da ta ɗaure gashinta tana cewa, "Ungo, malam kafinta, a bar shi ya yi reto." Na naɗe shi da guntun soso, na rataye shi a tsakiyar akwatin, na rufe.

Na taɓa tsirkiyar farko. Sautin ya fito da kauri, ya cika gidan. Sai dai tare da shi akwai wani kar-kar-kar. Telan da ke maƙwabtaka da mu ne, tagar shagonsa tana kallon tsakar gidanmu, keken ɗinkinsa yana ta gudu, makirfon kuma ba ya ƙyale komai. Kaka ta karkata kai tana yamutsa fuska, tana neman waƙar a cikin hayaniya. Na ci gaba da kaɗawa.

Can sai kar-kar ɗin ya tsaya. Waƙar ta rage ita kaɗai.

Kaka ta kasa kunne. Leɓenta ya fara motsi, yatsunta suna bugun gwiwa. Da na zo tsakiya ta ɗaga hannu.

"A'a, a'a. Nan ba gudu ake yi ba. Wa ya kore ka? Koma baya."

Na koma. Ta kama waƙar da muryarta mai rawa, Inna ta shiga, Yaya tana tafi ba kan ƙa'ida ba. Sau huɗu muka yi, kowane karo sai Kaka ta samo inda na ɓata, tana dariya har dasashinta ya bayyana.

A karo na huɗu ne na ɗaga kai. Ta taga na hango telan ya sauke ƙafa daga kan keke, ya jawo wata riga kan cinyarsa yana ɗinka mata maɓalli da allura. Bai dubo mu ba, ni ma hannuna yana kan tsirkiya, ban samu ɗaga masa shi don godiya ba.