Abin Shaƙar Murja

Duk wanda ya yi firamare a ƙauyen nan da ke tsakanin Kibiya da Fassi ya san Malam Ramalan. Shi ne malamin ladabtarwa, dogo, siriri, ba a ganin haƙorinsa sai ranar da za a ba da hutu. Amma a faɗi gaskiya, mutum ne mai tsoron Allah, ko ɗansa ne ya makara sai ya sha bulala.

A shekarun da aka fara Shari'a, maganar shaye-shaye ce a bakin kowa. Liman ya yi huɗuba a kai, 'yan Hisba na zagaya kasuwa, rediyo kullum cewa take sholisho ya shiga makarantu. Malam Ramalan ya ɗauki abin da zafi, ya ce ba dai a makarantarsa ba.

Ran wata Litinin, an gama sharar safe ke nan, ya zagaya bayan aji shida ya tarar da Murja, 'yar Ƙasimu direba, wadda ke zuwa ta ɗaya a ajin. Ta raɓe jikin bango, ta cusa wani ɗan shuɗin abu cikin hijabi tana zuƙa.

"Me kike shaƙa?"

"Malam, magani ne. Baba ya sayo min a Kano."

"Duk wanda aka kama haka yake cewa. Kawo."

Ya kai abin ofis ya kulle a durowa. Ya ce gobe ta zo da mahaifinta, yanzu kuwa ta zagaya filin ƙwallo sau uku. Ɗaya da rabi ta yi ta durƙushe, ƙirjinta na wani irin fito, tana jan iska iskar ba ta shiga.

Malamai suka yi mata caa. Wannan ya ce a kwantar da ita, wancan ya sheƙa mata ruwa, Malama Tani ta ce aljanu ne, a kawo garwashi a yi mata turare. Yarinya ba bakin magana, sai nuna ofis take da yatsa. A nan gaban Malam Ramalan ya faɗi. Ya ruga ofis, ya kasa gane makulli, ya ɗauki dutse ya fasa durowar, ya kawo mata abin. Da ta zuƙa sau biyu, ta ƙara, numfashi ya fara dawowa a hankali. Ya sa Malama Tani ta riƙe ta a bayan babur ɗinsa, sai asibitin Rano.

Wata nas mai suna Hajiya Jumai ce ta karɓe su. Da yarinya ta samu kanta, nas ɗin ta dube shi ta ce, "Malam, fuka ce, asma. Da kun yi mata turaren nan, da yanzu wani zancen ake."

Ƙasimu ya iso da rigarsa duk baƙin mai. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Malam, amana na ba ku. Karatu ya ƙare. Gara ta zauna a gida da jahilci, da in binne ta da boko."

Jarrabawar shiga sakandare saura wata biyu. Malam Ramalan ya san in Murja ta rasa ta, shi ne sila, kuma kunya da baƙin ciki suka hana shi cin abinci ranar.

Da wani ne, da ya ce ai tsautsayi ne, ya shafa wa kansa lafiya. Shi kuwa Asabar na yi ya ɗauki littafin rubutu irin na 'yan aji ɗaya ya koma Rano. Mutum ya ba hamsin baya, ga furfura, ya zauna a benci yana jiran Hajiya Jumai ta sallami marasa lafiya, sannan ya yi ta tambaya yana rubutawa. Asabar uku yana wannan sintiri. Abokan aiki suka sa masa suna Dakta, ya ji ya yi kamar bai ji ba.

Ya nemi izinin hedimasta ya tara malamai a gindin darbejiya, ya fara da kansa.

"Ni na kusa kashe 'yar mutane, kuma ina ganin aikin Allah nake. Rashin sani ya fi dare duhu. To, ku ji. Yaron da abin ya tasar masa, ba a kwantar da shi, zaunar da shi ake. Ba ruwa, ba hayaƙi, ba taron 'yan kallo. A girgiza abin shaƙarsa a ba shi, a kwantar masa da hankali. In ya kasa magana, ko maganin bai yi ba, sai asibiti, kada a jira kowa. Addu'a kuwa a yi ta a hanya."

Daga ranar aka fara yayyafa ruwa kafin shara. Allo da jiƙaƙƙen tsumma ake goge shi, bola kuma ba a ƙona ta sai an tashi. Ya bi aji-aji yana tambayar masu yawan tari, ya gano yara uku da shi kansa ya sha yi wa bulala a kan lalaci ranar wasanni. Ya rubuta wa iyayensu takarda su kai su a duba.

Amma bencin Murja na nan ba kowa. Sau biyu ya je gidansu ana ce masa maigidan na hanya. Sai ranar kasuwar Kibiya ya same shi a tasha yana lodin buhunan tumatir. A gaban direbobi da fasinjoji, malamin da ya koyar da rabinsu karatu ya tsuguna ya ce, "Malam Ƙasimu, na yi laifi. Ka yafe min, ka ba yarinyar nan jarrabawarta."

Ƙasimu ya ji nauyi, ya kama hannunsa ya tashe shi, amma fuskarsa ba ta saki ba.

"Yafiya na yafe, Malam. In abin ya taso mata a aji fa, ina Kano, me za ka yi?"

Malam Ramalan ya jero masa amsa tiryan-tiryan, har da abin da Ƙasimu kansa bai sani ba. Fasinjoji na ƙorafin rana ta yi. Sai direba ya leƙa cikin mota ya ɗauko wani sabon abin shaƙa, ko kwalinsa ba a ɓare ba, ya damƙa masa a hannu.

"Ɗaya na wurinta. Wannan ya zauna a wurinka. Litinin da kaina zan kawo ta."