Fijon Alhaji Wada

Motar marigayi Alhaji Wada ba ta je Porto-Novo ba ranar Lahadin sunan jikarsa. A tasi aka kai matarsa, Hajiya Salamatu, ita kuwa Fijo 404 ta wuni a ƙofar gida, a Zangon Kwatano, an lulluɓe ta da tamfol.

Ga Sirajuddeen, autan gidan, ba ƙaramin al'amari ba ne. Tun bayan rasuwar mahaifinsu, yayansa Abdulƙahar ke so a sayar da motar wa wani mai tara tsofaffin motoci daga Lome. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce in motar ta kai ta suna lafiya, Siraju ya riƙe ta. In ba ta kai ta ba, a sallama.

Siraju ma'aikacin fito ne a tashar jiragen ruwa, kuma ya san mota daidai gwargwado. Ya sake mata fenti, ya ɗinke kujerun, sannan ya yi abin da ya daɗe yana gani a hotuna: ya sa aka rage mata tsayi. Abokinsa Kamarou mai walda ya zo da kayan aikinsa har ƙofar gida, kamar yadda ake yawancin gyara a unguwar, suka yanke sifirin ɗin ƙafafu huɗu. Don kada a yi aikin ido, suka aro ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa, suka ɗora a kan rufin. Suna yanka suna dubawa, har ƙwayar ta tsaya cak a tsakiya.

Ta yi kyau, har masu zemijan, 'yan haya da babur, sukan rage gudu su kalle ta. Sai dai da Siraju ya hau hanyar Seme, motar ta dinga fizgar sitiyari zuwa hagu, wajen motocin da ke tahowa. Da allurar gudu ta haura saba'in kuma, sai karkarwa ta taso.

Ya bi abin a hankali. Ya gwada iskar tayoyi, daidai take. Ya musanya tayoyin gaba, na dama ya koma hagu, tunda in laifin taya ne, jan zai sauya gefe. Bai sauya ba. Ya taɓa ƙafafun bayan tafiya ko birki na kamawa, babu wadda ta fi wata zafi. Kamarou ya ja zare daga baya zuwa gaba, ya rantse cewa saitin tayoyin lafiya lau.

"Tsufa ne kawai," in ji Abdulƙahar. "Kai ma in ka kai shekarunta, gefe guda za ka riƙa bi."

"Yaya, a hannun Baba ba ta taɓa yin haka ba."

"Baba bai taɓa yanke mata ƙafafu ba."

Ranar Juma'a bayan la'asar Hajiya ta ce a zaga da ita, ta ji da jikinta. Ta zauna a baya, gefen dama, inda ta saba zama. Ba su yi nisa ba ta ce a ƙara wa motar mai, amma ban da na kwalba, warinsa na hawar mata kai. Siraju, kamar kusan kowa a garin, a bakin titi yake sayen mai. Tun da aka yi aikin, motar ba ta taɓa shiga gidan mai ba. Ya karya kan ta ya shiga wani a Agontinkon, ya tsaya a kan shimfiɗaɗɗen siminti.

"Auta," Hajiya ta ce, "me ya sa nake gangarowa wajenka?"

"Hajiya, ai a tsaye muke."

"Na san a tsaye muke, ban rikice ba tukuna. A ƙofar gida zaune nake daram. Nan kuwa sai na riƙe ƙofa."

Ya fito, ya ja da baya, ya tsuguna. Daga nan ana gani ƙarara: motar ta karkata hagu, kamar tebur mai gajeriyar ƙafa. Ya sa yatsu tsakanin taya da jikin mota. A dama hannunsa ya shige, a hagu da ƙyar.

Ya daɗe a tsugune. Titin gidansu an yi shi ne da gangare, don ruwan damina ya sauka cikin kwata. Gefen dama na motar, wanda ke bakin kwatar, kullum a ƙasa yake. Su kuma suka dinga rage sifirin ɗin hagu har ma'auni ya gamsu. Sun daidaita motar da wuri guda tak a duk faɗin Kwatano. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne, da da ido suka yi aikin, suka ƙirga zagayen ƙarfen kawai, da ba su yi wannan kuskuren ba.

Ya kira Kamarou ya faɗa masa. Kamarou ya ce, "To, a rage na daman mana."

"In muka ƙara yanka, cikinta zai riƙa sharar titi. Karkarwar fa? A kujera nake jin ta, ba a sitiyari ba. Daga baya take zuwa."

"Wataƙila farfela ce, sandar da ke juya tayoyin baya, ta sauya kwana da muka sauke ta."

"Wataƙila."

Sifirin da aka yanke ba ya komawa. A hanyar gida Siraju ya ce wa mahaifiyarsa ba zai ɗauke ta a motar ranar Lahadi ba. Ya san abin da hakan ke nufi, ita ma ta sani. Ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Bayan suna, Abdulƙahar ya tuna mata sharaɗinta. Ta ce tana sane, amma ba a sayar da dabba tana ɗingishi, a bari ta miƙe tukuna. Bai musa ba, bai kuma ce ya yarda ba.

Masu tsofaffin kayan mota a Vedoko sun ce rabonsu da sifirin ɗin 404 an daɗe. Wani direban hanyar arewa ya ce ya ga guda huɗu a wani gareji a Parakou, cikin ciyawa. Mai garejin bai tabbatar ko na 404 ne ba.