Miyar Akpene

Shekara goma sha ɗaya Mawusi tana yi wa masu jirgin sama na kansu girki a Accra, kuma in ƙasashen da abincinta ya taka za a lissafa, babu ministan da ya kai ta yawo. Ita kanta kuwa sau uku tana neman bizar Ingila, sau uku ana miƙo mata fasfonta yadda ta kai shi. Ba yawon buɗe ido take nema a can ba. 'Yarta Akpene, wadda ta tafi aikin kula da tsofaffi, ita ce kwance da ciwon daji, maganin da ake ɗura mata ya hana ta cin komai.

Aikin nasu na masu haƙuri ne. Mutum zai aiko da safe yana son inabi marar ƙwallo da kifin da babu shi a tekunmu, jirgi kuma la'asar zai tashi. A dafa, a hucar da shi da gaggawa, a zuba a kwanukan da za su shiga ɗan murhun jirgi, a manna wa kowane murfi takarda mai sunan kamfani da lambar jirgi da ranar girki. Matuƙan jirgin su biyu ma kowa da nasa daban, don kada ciki ya ɓaci musu tare a sama. Bayan duk wannan wahala, rabin abincin ko buɗe shi ba a yi.

Ranar Lahadi Akpene ta ce a waya, da muryar da sai an kasa kunne, abu ɗaya ranta ke so: tuwon akple da miyar kuɓewa mai bandar kifin garin Keta, irin ta Dada. Haka take kiran uwarta. Ta ce wata ƙawarta ta gwada yi mata, ta ɗanɗana ta ture. Mawusi ta yi kwana biyu da maganar nan a ƙirji. Ran Talata sai ga oda: Nana Ampofo, mai haƙar zinariya, zai tashi zuwa Ingila ran Alhamis da mutum biyar.

Oforiwaa ce mai kula da fasinja a jirgin, kuma da ƙafarta take zuwa duba abinci, don ba ta yarda da waya ba. Mawusi ta ja ta bayan firij ta faɗa mata. Oforiwaa ta tuna mata abin da ta riga ta sani, cewa abincin jirgin da ya tsallako daga wata ƙasa, da an sauka kwashe shi ake a ƙone, an ci ko ba a ci ba. Sai dai abin da ke jakar mutum nasa ne, kuma kifi yakan wuce in ba nama a ciki. Za ta ajiye a akwatin ƙanƙara, kafin a buɗe ƙofa ta mayar jakarta.

"Anti, za ki sa a kore ni in koma soya ayaba a bakin titi."

"Ke da ko ruwan zafi sai kin ƙona? Wa zai saya?"

Suka yi dariya, ita ce ta farko da Mawusi ta yi a watan.

Ran Alhamis ta fara gama na Nana Ampofo, sannan ta ɗora tata. Ta yanka kuɓewa ƙanana yadda Akpene ke so tun tana yarinya, ta zare ƙayar kifin ɗaya bayan ɗaya, ta rage barkono saboda bakin yarinyar duk ya yi gyambo. Ta zuba a kwanon kamfani don shi ne ba ya yoyo. Mota na jira, direba na danna hon, kwanuka ashirin da shida na jere a kan tebur, nata na ashirin da bakwai a ƙarshe. Ta ɗauki takardu ta bi layi tana mannawa, yadda ta saba kullum, ba ta ɗaga kai ba sai da layin ya ƙare.

Ta wuni da farin ciki. Har ta tsokani mai wanke-wanke, har ta sayi sabon mayafi a hanyar gida.

Washegari tana yanka albasar wata oda saƙon murya ya shigo daga Oforiwaa. Ta goge hannu ta kara a kunne. Oforiwaa ta ce da suka sauka Nana Ampofo ya riƙe ta da neman tabaransa, kafin ta juyo mai kwashe shara ya riga ya buɗe akwatin ƙanƙara. Ta ce masa wannan nata ne. Mutumin, wani Bature, bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba, yatsa kawai ya ɗora a kan murfin: ga sunan kamfani, ga lambar jirgi. Abincin jirgi ne. Ya saka a leda ya ɗaure baki.

"Anti, me ya sa kika manna takarda?" in ji Oforiwaa. "Na kira Akpene na faɗa mata. Ta roƙe ni kada in gaya miki, amma ba zan iya kallon idonki da ƙarya ba."

Mawusi ta zauna a kan buhun shinkafa. Da a ce wani ne ya cuce ta, da ta san inda za ta kai kuka. Ba jami'in biza ba ne wannan karon, ba Nana Ampofo da tabaransa ba. Hannunta ne, hannun da ake yabo a kamfanin nan cewa bai taɓa barin kwano ba takarda ba. Ta dube shi ta ji ta tsane shi. Jirgin kuma sai bayan wata biyu zai sake komawa, likitoci kuwa sun daina yi wa Akpene maganar watanni.

Wajen azahar wayar ta yi ƙara. Akpene ce. Mawusi ta fita bayan kicin inda ake tara kwalaye, ta ɗauka.

"Dada, ta iso. Na ci."

Mawusi ta toshe bakinta da gefen zani.

"Na cinye tas, har na suɗe kwanon. Ba ki ga yadda masu jinya suka taru suna kallona ba."

"Allah Sarki," in ji Mawusi, da ƙyar. "Ta yi yauƙi dai?"

"Sosai. Kamar a gida."

Tana jin numfashin yarinyar yana fita guntu-guntu, tana tattara ƙarfi don ta ƙarasa ƙaryarta. Mawusi ta ce in jirgin zai koma za ta sake yi mata, da yawa wannan karon.

"A'a, Dada, kada ki sake wahala. Wannan ɗin ta ishe ni."

"To," in ji Mawusi. "To, 'yata."