Ƙofar Ɗakin Iya

Ni tun farko ban so a kawo mana baƙuwar nan ba, Allah ne shaidata. Amma maigidana mutum ne da ba ya iya ganin taro ya yi shiru. Da aka ce wasu 'yan sa kai za su zo daga ƙasar waje su taya unguwarmu gina ɗakin shan magani, kuma za a rarraba su a gidajen masu hali, shi ya fara ɗaga hannu. Hali! Direban motar haya ne fa, motar ma ba tasa ba.

"To a ina za mu sa ta?" na tambaye shi.

"Ɗakin yara mana. Su dawo wajenmu."

"Ɗakin da ko ƙyaure babu?"

"Ba ga labule ba? Ke dai ba kya rasa abin faɗa."

Baƙuwar ta iso, mace mai ɗan shekaru, malamar makaranta ce a ƙasarsu. Wata ƙatuwar malafa take sawa, nan take yara suka laƙaba mata Mai Malafa. Gaskiya ba ni da abin zarginta. Ita take wanke kwanonta, da safe ta fita wajen gini, ta dawo da siminti har gwiwar hannu tana murmushi. Sai dai ba a jima ba ta zo da tafintansu, tana ta ba da haƙuri, wai ko za a samu ƙofa a ɗakin, don iska na ɗaga labulen tana sauya kaya, kaji kuma sun mai da gadonta wurin hutawa.

"Ƙofa?" in ji maigida, ko ƙifta ido bai yi ba. "Ai tana wajen kafinta ana gyara. Yau ɗin nan za a dawo da ita."

Na dube shi, ya dubi sama. Wane kafinta? Ƙyauren kirki guda ɗaya ne a gidan nan, na katako mai shuɗin fenti, a ɗakin Iya mahaifiyarsa, can bayan kicin. Namu na langa-langa ne, sai ka ɗaga shi da ƙafa kafin ya rufu.

Ashe Iya ta ji komai. Suna fita ta kira shi. "Ɗauko guduma ka cire nawa. Ka riga ka yi magana, ba za a ce ɗana maƙaryaci ne a gaban baƙi ba."

Na ce, "Haba Iya, damina ce fa, ga tarin nan naki. Ɗakinki feshi yake sha."

"Feshi ya fi bakin unguwa zafi? Duk wanda ya faɗa wa baƙuwar nan, ban yafe ba."

Iya ke nan. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin ta ari ko gishiri ta kan katanga ba. Ko ba mu da komai, sai ta ce a share ƙofar gida a yayyafa ruwa, wanda ya wuce ya ga lafiya muke.

Haka ya cire ƙyauren ya kafa a ɗakin baƙuwa. Na rataya wa Iya tabarma a bakin ƙofa, na ƙara da buhu. Ina! Ruwa ya ci gaba da zuba kamar da gayya, gefen katifarta kullum a jiƙe, tarin ya koma mai fitowa daga ƙirji. Na yi wa maigida tas a ɗaki. Na ce, "Kai ka yi alfahari, tsohuwa ke shan sanyinsa. Ba ka jin kunya?" Ya ce saura kaɗan su tafi, in rufa masa asiri. Na rufa, ina tafasa.

Ran nan da safe Mai Malafa ta ji tarin, sai ga ta da kwalbar magani ta nufi bayan kicin. Na tare hanya da bokiti ina surutun da ni kaina ban san me nake cewa ba. Ta kewaye ni, ta ɗaga tabarmar. A makon nan kuwa aikin sa ƙofofi suke yi a wajen ginin, idonta ya riga ya buɗe. Ta ga ramukan ƙusa a jikin katakon bakin ƙofar, ta ga shuɗin fenti irin na ƙofar da take kullewa kullum, ta ga katifa. Fuskarta ta yi jajir. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ajiye maganin, ta fita.

Na ce a raina, wannan mace mai hankali ce, za ta sa a mayar da ƙyauren a asirce, magana ta mutu. Har addu'a na yi mata.

Washegari da yamma ina tankaɗe na ji hayaniya daga bakin titi. Na leƙa. Innalillahi! 'Yan sa kai ne gaba ɗayansu, sun ɗauko sabon ƙyaure a ka suna waƙa, mutanen unguwa na biye. Tafinta, Allah ya shirye shi, duk wanda ya tambaya sai ya tsaya ya yi masa bayani dalla-dalla, wai tsohuwar gidan direba ce ke kwana cikin ruwa babu ƙofa.

Kafin in gyara ɗankwali tsakar gidana ya cika. Matar tela, wadda Iya ba ta taɓa bari ta wuce zaure ba, ga ta har bayan kicin tana leƙe. "Ayya, ashe haka kuke ciki? Ai da kun yi magana!" Da na samu muciya a kusa, da ta ji a jikinta. Maigida na tsaye yana ta "mun gode, mun gode," gumi na bin wuyansa, ya kasa haɗa ido da kowa.

Mai Malafa ta riƙe hannuna tana hawaye. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, da zuciya ɗaya ta yi. Ko zaginta ba ni da damar yi. Na tsaya ina yaƙe, kunya na cin naman jikina.

Suka kafa ƙyauren, suka sa sakata sabuwa fil. Duk wannan bugun da ake yi Iya na zaune a bakin gado, hannuwanta a kan cinya, ba ta ɗago ba. Tafinta ya leƙa ya ce, "Iya, wai ki fito ki tsaya jikin ƙofar a ɗauki hoto."

Ta miƙe a hankali, ta zo bakin ƙofa. Ba ta dubi baƙin ba, ba ta dubi matar tela ba. Ɗanta ta duba.

"Sun gama?"

"Sun gama, Iya."

Ta jawo ƙyauren ta rufe, muka ji ƙarar sakata. Baƙin suka ɗauki tafi, a zatonsu gwadawa take yi. Aka yi ta jira ta buɗe, masu ɗaukar hoto sun ɗaga wayoyi. Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu.

Maigida ya matsa, ya kafa goshinsa a jikin sabon katakon, ya ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya. "Iya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Iya, ni ne."

Tari kawai muka ji daga ciki.