Kuɗin Kunnen Lele

Sau uku mai karɓar kuɗi a asibitin kunne ta zura katin a na'ura, sau uku 'yar takardar ta fito da magana ɗaya.

"Malam, babu isasshen kuɗi a ciki."

Maigidana ya yi dariya, irin wadda yake yi idan fasinja ya ce masa ya ɓata hanya.

"Injinki ne ba shi da lafiya, 'yar'uwa. Wata goma sha huɗu muna zuba kuɗi a shuɗin katin nan, ko sisi ba mu taɓa ba. Sake gwadawa."

Ta sake. Amsar ba ta canza ba. Ta gilashin ƙofa ina hango 'yarmu Lele zaune a kan kujerar gwaji, da na'urar ji maƙale a bayan kunnenta. Shekararta shida. Zazzaɓi ne ya tafi da jinta tana da shekara biyu, kuma sai a safiyar nan, da aka saka mata na'urar, na kira ta daga baya ta waiwayo. Na yi kuka har ma'aikaciyar da ke gwajin ta miƙo mini hankici.

Ita ce ta fito ta same mu cirko-cirko. Ta ce, "Ku je bankin ku gani, wataƙila kuskure ne. Ku bar yarinyar a wurina. Amma ƙarfe huɗu nake rufewa, kuma in ba a biya ba akwai wasu a layi suna jiran na'urar."

* * *

A hanya na tuna ranar da baƙin katin ya shigo gidanmu. Wasu 'yan banki ne suka kafa tebur da laima a garejin da maigidan ke tuƙa bas, suna raba katin bashi kamar alewa. Ya dawo yana taku ɗai-ɗai, ya ajiye kati biyu a kan tabarma.

"Uwar Lele, zauna ki ga lissafi. Wannan shuɗin namu ne, albashina da kuɗin gugarki duk a ciki za mu riƙa zubawa, na kunnen yarinya ne. Wannan baƙin kuwa na banki ne. Cefane, sabulu, kuɗin wuta, duk da shi. Ƙarshen wata mu ba su ɗan abin da suka ce. Mu ci nasu, namu yana kwance."

Na ce, "Tun yaushe banki ya zama kawunka?"

"Ke dai guga kika sani," in ji shi.

Gaskiya ne, guga na sani. Tsayuwar awa tara nake yi a shagon wanki, ina fitar da kari a rigunan mutane. Kuma ba zan ɗora masa shi kaɗai ba, ni ma katin ya yi mini daɗi. Da shuɗin, duk abin da na saya sai in ji shi a jikina, don ina ganin kuɗin ya ragu. Baƙin kuwa ka ɗora shi a na'ura kawai, ta yi 'yar ƙara siririya, ka ɗauki ledarka. Na daina mayar da kaya a gaban kanta. Har madarar gwangwani na koma saya.

Duk wata saƙo yakan shigo wayarsa cikin yaren nan na banki da ba mu iya ba, da lambobi biyu, babba da ƙarama. Ya biya ƙaramar. Babbar kuwa kullum gaba take yi, shi kuma yana nuna mini da alfahari.

"Kin gani? Wannan shi ne abin da suka yarda su ba ni. Kullum ƙara mini daraja suke yi, sun san mai amana."

Da kamfaninsu ya riƙe albashi wata uku, ƙaramar ma ta gagara. Na ce mu ɗiba a shuɗin mu ba su. Ya rantse ba zai taɓa kuɗin kunnen yarinya ba, ai banki ba yunwa yake ji ba, zai jira.

* * *

Matar da ta saurare mu a banki ba ta kai ni shekaru ba. Ta juyo da allon kwamfuta wajenmu, ta sa bakin biro a kan babbar lambar.

"Wannan ba abin da za mu ba ka ba ne, Malam. Bashin da ake binka ne. Ƙaramar da kake biya, kusan duk kuɗin ruwa ce, uwar kuɗin tana nan tana haihuwa. Da ka yi wata uku shiru, sai aka cire daga ɗaya asusun naka. Shekaranjiya aka cire."

"Da izinin wa?"

Ta zaro takarda daga fayil, ta nuna wani layi mai rubutu ƙanana kamar tururuwa, sannan ta nuna sa hannunsa a ƙasa, ƙato, har da ƙawa.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ni da ko a gaban mai shagonmu ban taɓa sa gwiwa a ƙasa ba.

"Ki dubi Allah, ƙanwata. Kuɗin kunnen 'yata ne. Yau ta ji muryata. Ku mayar, mu biya ku a hankali, ko shekara goma ne. Zan yi muku guga kyauta, ke da duk gidanku."

"Anti, don Allah ki tashi, mutane na kallo." Idonta ya kawo ruwa, amma hannunta bai bar kan fayil ɗin ba. "Ba ni nake cirewa ba. Ko manaja ba zai iya mayarwa ba. Abin da zan iya gaya muku, tunda an rage bashin, baƙin katin ya sake buɗewa."

Maigidan ya yi wuf ya ce, "Zai biya na'urar?"

"Ko kashi ɗaya cikin huɗu ba zai kai ba. Amma za ku iya cefane da shi."

A waje na buɗe baki zan wanke shi tas, don maganar ta cika mini ciki. Sai na ga yana neman saka katunan a aljihu, ya kasa samun bakin aljihun. Na haɗiye. Tsoro ne ya kama ni, ba fushi ba.

* * *

Huɗu saura kwata muka koma. Mun tarar ma'aikaciyar ta ba Lele kofin gilashi da ƙaramin cokali. Tana bugawa, tana karkata kai, tana ƙyalƙyala dariya, ta sake bugawa. Da ta gan mu ta ɗaga cokalin sama, ta buga mana mu ma mu ji.

Ma'aikaciyar ta dubi fuskokinmu, ta gane.

"Minti biyar," in ji maigidan. "Don girman Allah."

Ta gyaɗa kai, ta juya tana shirya takardu.

Me ake gaya wa yarinya a minti biyar? Na tsugunna na riƙe fuskarta, na ce mata ni ce mamanta, na ce ina sonta, na kira sunanta na sake kira har muryata ta dushe. Na taɓa maigidan da gwiwar hannu, na ce, "Yi mata magana mana, ta ji muryar ubanta." Ya buɗe baki, leɓɓansa suka yi motsi, babu abin da ya fito.

Ma'aikaciyar ta zo a hankali, ta shafa kan Lele, ta zare na'urar, ta goge ta da auduga, ta mayar cikin akwatinta.

Lele ba ta yi kuka ba. Ta buga kofin. Ta kai kunnenta kusa, ta ƙara bugawa da ƙarfi. Ta juya cokalin gaba da baya tana dubawa, ta girgiza shi, ta goge shi da rigarta. Sannan ta sauko daga kujera, ta je ta kama hannun babanta, ta ɗora masa cokalin a tafi, ta tsaya tana jira ya gyara mata.